Guga ko Ganga

Tun da na yi wayo ban taɓa jin kakata Dija ta kira sunan mahaifina ba, sai a shekarar da zan ba ku labarinta. Shi ne ɗanta na fari. Ita 'yar Ngizim ce daga wani ƙauye ta wajen Ngojin, amma da kakanmu Bakano ya auro ta ya kawo ta unguwar Hausari a Potiskum, sai ta ɗauki kunyar ɗan fari ta riƙe gam, har ta fi matan Kanon iyawa. In za a kai masa abinci sai ta ce, "Ku kai wa mai zaure." In ya shigo gaishe ta, gefe take kallo tana amsawa kamar da bango take magana. To, macen da ba ta iya yi wa ɗanta faɗa ido da ido, ina za ta kai faɗan in ya taru? Mu take tarawa a bakin murhu, ta zuba shi a cikin tatsuniya.

Bayan magariba ne, in an ci tuwo an kwashe ƙore. Wutar kara ta lafa, ta bar garwashi. Kaka takan tura gyaɗa a cikin toka, ta miƙe ƙafa, mu kuma mu zagaye ta, ni da ƙannena da 'ya'yan maƙwabta. Hausarta irin ta 'yan Ngizim ce, ba ruwanta da wace kalma ce mace wace ce namiji, kuma duk wanda ya yi dariya ba shi da gyaɗa. Tsakanin murhun da bayan zaure zana ɗaya ce tak. A nan Baba yake shimfiɗa buzunsa yana jan carbi. Ya san tana sane yana ji, ita ma ta san ya sani.

Shekarar ita ce wadda fara ta sauka gab da girbi, ta bar wa mutanen ƙauye kara tsirara. Mu na cikin gari 'yan kasuwa ne, mun ji jiki amma tukunyarmu ba ta kwana a kife ba. Na ƙauye kuwa kafin bazara sun cinye har irin shuka. Na ga mata da idona suna tonon gidan tururuwa suna sheƙe abin da suka samu. Ganin haka attajiran unguwarmu suka yi abin kirki, in faɗi gaskiya: kowa ya kawo gero gwargwadon ƙarfinsa, aka jibge a wani ɗaki a gidanmu, aka ce iri ne, za a raba wa manoma da zarar hadari ya fara haɗuwa. Baba aka ba wa amanar ɗakin.

Sai labari ya zo cewa wani babban Bature zai biyo ta Potiskum. Nan take zukatan manyan nan suka koma na yara. Ina kai musu ruwa zaure na ji musun da kunnena. Tsohon limamin unguwa ya ce hatsin nan da niyya aka tara shi, kuma niyyar tana nan ba ta mutu ba. Alhaji Tanko mai goro, mutum mai tumbi da son a gan shi, ya ce, "Allah gafarta malam, kowace unguwa tana shiri. So kake a ce Hausari babu maza? In Baturen nan ya ga bajintarmu, rumfunan sabuwar kasuwa namu ne." Liman ya ce rumfa ba ta tsiro a gona. Aka yi masa dariya irin wadda ake yi wa tsoho.

Abin da har yau yake ƙona mini rai shi ne maganar Baba. Gyara murya ya yi ya ce mutane sun daɗe cikin baƙin ciki, yini guda na dariya shi ma ai taimako ne. Ji wata magana don Allah! Mai ƙoshi ne kawai yake iya ƙirƙiro irinta. Aka tashi a kan za a sayar da geron, a sayi raguna da ƙyallayen ado, a sallami makaɗa da 'yan kokawa. Wani akawu da ya taɓa zama a kudu ya kawo tasa fasahar: a kafa doguwar sanda, a shafe ta da man gyaɗa, a rataya jakar gero a samanta, wanda ya hau ya ɗauko tasa ce. Ya ce Turawa suna son wannan wasan ƙwarai.

A cikin kwanakin nan Kawu Gimba ya zo daga ƙauye da jaka a naɗe a hammata. Ɗan ƙanen Kaka ne, wato taubashin Baba, kuma ba sa haɗuwa sai sun zolayi juna. Mutum ne dogo, furfura ta fara fito masa a gemu, yana da mata da 'ya'ya da gona wadda ya riga ya share tana jiran ruwa. Iri ya zo nema, domin ya ji an tara. Baba ya kasa ce masa an sayar, sai ya fake da wasa. "Kai da gero kake so? Ga shi can za a rataya a kan sanda ranar wasa. In kai namiji ne ka hau ka ɗauko." Kawu Gimba ya yi dariya, amma dariyar a baki ta tsaya. Kaka tana tsakar gida tana tsince wake, ko kai ba ta ɗaga ba.

Da magariba ta wuce ta tara mu. Tana da nata buɗin tatsuniya da ba irin na kowa ba. Ta ce, "Ku ba ni kunne in kai ku wani gari." Muka ce, "Mun ba ki." A ranar muryarta ta fi ta kullum ƙarfi, har na bayan zana ba sai ya matso ba.

Wai akwai wani gari mai rijiya ɗaya, mai zurfi irin namu na nan. Gugansu ya tsufa ya yage, ruwa yana ƙasa suna ganinsa amma ba abin ɗebowa. Sai da ragowar ruwan tuluna suke maneji. Duk garin kuwa sa ɗaya ya rage, suka yanka shi, fata ta zama ɗaya. Aka zauna shawara. Wata tsohuwa ta bakin gari, wadda tulunta ya riga ya bushe, ta ce a ɗinka guga. Masu manyan tuluna suka ce a'a, ganga za a yi. Suka ce garuruwan maƙwabta sun daɗe ba su ji ɗuriyarsu ba, kada a zaci sun mutu. In an yi ganga kowa zai san suna nan da ƙarfinsu, guga kuwa wa yake jin ƙararsa?

"Ku ji fa," in ji Kaka, tana tona wuta da tsinke. "Wai guga ba ya ƙara. Ga mutane, kai kamar tulu, ciki babu komai."

Aka ɗinka ganga, ta yi kyau, ta yi zaƙi. Aka kaɗa ta tun hantsi, aka yi rawa har ƙura ta tashi, maƙogwaro ya bushe. Abin da suke so kuma ya faru: maƙwabta suka ji, suka taho gari gari don kallo. To, baƙo in ya zo daga nesa da rana, me ake fara ba shi? Muka haɗa baki muka ce, "Ruwa!" Ta ce to. Masu manyan tuluna suka yi ta fito da ruwansu don kada a ji kunya, har tulunan suka ƙare ƙaf. Baƙin da suka zo daga baya suka tarar ba ko ɗigo. Suka leƙa rijiya suka ga ruwa, suka dubi ganga, suka dubi mutanen, suka juya suna tofar da yawu. Da yamma aka tuna da tsohuwar bakin gari. Aka je aka tarar ta cika, da igiyar guga a hannunta, wadda ta tufka tana jiran fata.

Ƙanena ya tambaya me aka yi da gangar. Kaka ta ce, "Sun ɗaura mata igiyar tsohuwa sun zura ta a rijiya. Ganga kuwa rufe take sama da ƙasa. Ta yi ta yawo a kan ruwa, suka jawo ta yadda ta sauka." Sannan ta kaɗe zaninta ta ce, "Na dawo da ku gida, kowa ya sauke kayansa."

Muka ji tari daga bayan zana. Baba ya kira ni ya ce, "Hajara, gaya wa kakarki maganar zaure ba ta tatsuniya ba ce." Ban ma motsa ba ta amsa. "Hajara, gaya wa mai zaure ba shi na ba labari ba. Jikokina na ba, don kada su gaji halin wani."

Ranar wasa ta zo. An ƙawata fili da ƙyallaye, makaɗa suna ta fama, ƙamshin nama ya cika wuri, mutanen ƙauye suna tsaye daga baya-baya suna shaƙa. Attajiranmu sun sha manyan riguna suna zufa a ciki. Baturen da aka yi duk wannan dominsa yana zaune a inuwa, fuska ja, yana korar ƙuda, bini-bini ya duba agogo. Ga sanda can a tsakiya tana ƙyalli, an shafe ta da man da zai yi wa gida guda miya har kaka.

Samari suka yi ta gwadawa suna sulɓowa, ana shewa. Sai na ga Kawu Gimba ya tuɓe rigarsa ya fito. Haƙarƙarinsa duk a waje. Mutane suka fashe da dariya, wai ga tsoho zai yi wasan yara. Shi kuwa ba wasa ya zo ba. Ya shafa ƙasa a ƙirji da hannuwa, ya rungumi sandar, ya fara jan jiki. Ya sulɓo, ya sake. Ya sulɓo, ya sake. Daga baya ya yi sama sosai, har ya miƙa hannu yatsunsa suka taɓa gindin jakar. A nan ƙarfin mai yunwa ya ƙare. Ya faɗo ta gefe a kan kafaɗarsa, na ji ƙarar daga inda nake. Jama'a suna ta dariya domin ba su gane ba tukuna, makaɗa kuma ba su tsaya ba, ai an riga an sallame su. Baturen ya ɗan murmusa ya tafa hannu. Kafin la'asar motarsa ta kama hanyar Damagum. Jakar kuwa ɗan Alhaji Tanko ne ya ɗauko ta bayan jikin wasu ya goge man, ya kai gida ya zuba wa tantabarunsa.

Aka kawo Kawu Gimba gidanmu, aka kira mai ɗori. Kaka ta zauna tana goge masa mai da ƙasa daga jiki da tsumma. Baba ya shigo da babbar rigarsa ya tsaya daga nesa, ya fara cewa wallahi shi wasa yake yi. Sai Kaka ta ɗago ta dube shi tsakar ido, abin da ban taɓa gani ba.

"Habu," ta ce.

Innata ta saki ludayin da ke hannunta.

"Habu, kunya nake ji shi ya sa ba na kiran sunanka. Yau ban ga wanda zan ji kunyarsa ba."

Ruwa ya sauka ba da daɗewa ba. Baba ya ɗebi gero daga rumbunsa ya aika ƙauye, to amma hannun da zai riƙe sungumi yana ɗaure da kara. Matar Kawu Gimba da yara suka shuka ɗan abin da suka iya, sauran gonar ciyawa ta cinye. Kafaɗar ta warke a karkace, bai ƙara noma irin na da ba. Sauran manoman da aka yi wa alkawarin iri kuwa ban san yadda suka ƙare ba, kuma ba na jin wani a zauren nan ya taɓa tambaya. Rumfunan sabuwar kasuwa ma ba mu gan su ba.

Yanzu na tsufa, Turawa sun daɗe da tafiya, amma masu ɗinka ganga ba su bi su ba. Har yau in na ji ana cewa a faranta wa talaka rai da wasa, sai in duba wanda ya faɗa, kuma ban taɓa samun shi da yunwa ba. Ba na ƙin kiɗa, na yi rawa a zamanina har an san ni. Abin da na raina shi ne mutumin da yake da fata ɗaya, yana ganin maƙwabcinsa riƙe da igiya, ya zaɓi abin da zai yi ƙara.

Ina son mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ya yi alheri da yawa bayan wannan. Amma Kaka ba ta taɓa mayar masa da "mai zaure" ba. Har ta bar duniya Habu take ce masa, a gaban matansa, a gaban baƙinsa, a gaban mu 'ya'yansa. Kuma duk lokacin da ta faɗa, shi da furfurarsa, sai na ga ya sunkuyar da kai.