Baƙon da Ya Zauna a Gindin Darbejiya

Har na bar aiki ban taɓa mantawa da ranar da masu rubutu a intanet suka yi taronsu na farko a zaurenmu ba. Ni ce mai kula da zauren cibiyar mata a Tudun Wada: makulli a hannuna, kujeru da tabarmi da tukunya duk ni. Ban yi boko ba, amma ba a taɓa yin taro a wurina aka ji kunya ba.

Malama Rabi ce ta ƙirƙiro abin, wata malamar firamare. Ta bayyana mini cewa kowannensu yana da shafinsa da yake rubutu, sun san juna da sunayen aro, amma ba su taɓa haɗa ido ba. Ba ta da komai sai niyya. Shugabar cibiya ta ba mu zaure, na aro lasifika wurin masu wa'azi, na dafa shinkafa da wake.

Babban baƙonta wani ne mai kiran kansa Manomin Tiga. Shi da Rabi sun daɗe suna kai ruwa rana a shafukansu a kan bai wa mata filin noman rani, jama'a kuwa don su ga karonsu suka zo, har daga Kiru da Doguwa.

Da mutumin ya sauko daga mota, sai na ga Rabi ta durƙusa, ta ja mayafi, ta shige madafa. Ashe Alhaji Sale ne, tsohon ma'aikacin ruwa, uban mijinta. Wanda ko sunansa ba ta faɗa, shi za ta zauna kusa da shi ta ƙaryata?

Zaure ya cika, ana ta duba agogo. Na sami Rabi a madafa tana kuka, ta ce gara taron ya watse.

Na je na gaishe da Alhaji, na faɗa masa cewa matar ɗansa ce abokiyar musunsa. Ya yi dariya. "Hajiya, ashe 'yata ce take hana ni barci? To ba zan kashe mata taro ba, ba kuma zan tafi ban rama ba."

Na ce to ya bar mini sauran. Na kai masa kujera gindin darbejiya bayan taga, na sa aka ja wayar lasifika har can. Ita tana ciki, shi yana waje. Da farko tana ta cewa "Baba ya yi haƙuri," daga baya ta manta da haƙurin. Har azahar ba wanda ya sauka daga ra'ayinsa, ba kuma wanda ya tashi daga kujera.

Ku da kuka gaje ni, ku riƙe wannan: aikin zaure ba jera kujeru ba ne, sanin inda za a ajiye kowace ne.