Kunun Kanwa Daga Gashuwa

Haihuwata ta fari a Nguru na yi ta, ba a ɗakin Inna ba kamar yadda aka saba. Damina ce, ruwa ya cinye hanyar Gashuwa, Inna kuma tana can kwance tun bazara. Ranar suna ƙanena ya leƙo ya ce zai bi maigidansa rangadi can. Kuku ne a gidan wani Bature mai awon kogi. Na ce ya dubo min Inna da idonsa, ya gaya mata na sauka lafiya.

Ƙanen nan nawa Allah ya ba shi baki. Tun muna yara in an aike shi sai ya maƙale a hanya, ya dawo da labarin da ya fi saƙon daɗi. Saboda haka na yi lissafina: kwana uku zuwa a wannan caɓin, ɗaya hutawa, uku dawowa.

Rana ta biyar da hantsi sai ga shi fes, ko taɓo babu a ƙafarsa, rungume da gora an toshe bakinta da tsumma.

"Yaya, a jirgin sama muka dawo. Wallahi ko rabin awa ba mu yi ba."

Na san jirgi kan sauka jifa-jifa a filin bayan gari, muna jin ruguginsa. Amma a ce har da kuku a ciki?

"Gashuwar ce rabin awa?"

"Ta sama kusa ce, Yaya. Ba zagaye, ba jiran kwalekwale. Kafin in gama addu'ar tsoro na hango tashar jirgin ƙasa."

"Inna fa?"

"Da sauƙi. Ita ta dama miki wannan da hannunta, yau da safe."

Na taɓa gorar, na ji ta da ɗumi. Nan na gama yanke masa hukunci. Kayan Gashuwa a bushe suke iso mana, bandar kifi ce, shinkafa ce, ban taɓa jin abin da ya zo da ɗuminsa ba. Kuma matar da ba ta iya tashi ce za ta dama kunu? Na ce a raina wajen abokansa ya ɓuya a nan cikin gari, ya sa wata mai sayarwa ta cika masa gora. Raina ya ɓaci ƙwarai, don da ciwon Inna bai kamata a yi min wasa ba.

Na ce, "To sannu, matuƙi. Ka gaishe min da mai kunun."

Ya dube ni, ya miƙe. Yana fita na juye kunun a kaskon awaki.

Bayan mako biyu Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta iso a kan jaki da labarin rasuwar Inna. Da kuka ya lafa ta zauna bakin gadona tana jijjiga jaririn. Ta ce ranar da jirgin nan ya sauka kowa a Gashuwa ya fita kallo. Inna kuwa da ta ji za a tashi da ɗanta, ta sa aka jingina ta da bango, aka kawo mata gari da kanwa. An yi an yi ta bari a dama mata, ta ƙi, wai mai jegon tata ce.

"Har ta cika tana maganar kunun nan," in ji Gwaggo. "Ta ce in na zo in tambaye ki, kanwar ba ta yi yawa ba? Hannunta rawa yake yi da ta zo zubawa."

Ƙanena na zaune a bakin ƙofa, bai ɗago kai ba.

Na ce, "Daidai ta yi, Gwaggo."