Buraima Maƙeri da Kwaɗon Gidan Yari

Buraima maƙeri ne a unguwar Bulpiela ta garin Tamale, zamanin Turawa. Fartanya da wuƙa yake ƙerawa, amma abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne kwaɗo. Wata rana wani baƙo ya kawo masa shatin makulli da aka danna a jikin sabulu, ya ce na ɗakinsa ne ya ɓata. Buraima ya ƙera masa. Ashe na sito ne a gidan Disi, Baturen da ke mulkin gari. Baƙo ya tsere da buhunan sukari, Buraima ya sha ɗaurin wata shida.

Da aka kai shi gidan yarin Tamale, ya tarar tsatsa ta cinye kwaɗon ƙofa tun damina biyu, da igiyar akuya ake ɗaure ta. Saje Imoru, babban gandiroba, ya ja shi gefe.

"Malam Buraima, ka rufa mini asiri. Disi zai zo dubawa ran Jumma'a."

Buraima ya ƙera kwaɗo mai kyau, wanda sai an juya makulli sau uku hagu, sau ɗaya dama, a ɗan ɗaga shi sama, sannan ya yi aiki. Saje ya yi kwana biyu yana koyo, ya kasa. Daga nan Buraima ne ke zura hannu ta tsakanin ƙarafa da yamma ya kulle kansa da sauran fursunoni goma sha ɗaya, da safe ya buɗe. Disi ya zo, ya girgiza ƙofa, ya yaba wa Saje.

Zaman banza ya ishi Buraima, sai ya shiga koya wa abokan ɗaurinsa ƙira. Bakwai daga cikinsu ɓarayi ne, kuma sun mai da hankali ƙwarai.

Da wa'adinsa ya cika ya koma gida, amma kullum safe da yamma sai gandiroba ya zo ɗaukarsa a keke. Matarsa Awawu takan ce, "Maigida, an sake ka ne, ko aro aka ba ni?"

Shekara tara ana haka. Ran da Buraima ya tafi jana'izar yayarsa a Yendi, ya bar ƙofa a buɗe, sai iska ta bugo ta da ƙarfi har kwaɗo ya datse da kansa, Saje na ciki yana ƙirga mutane. Wuni guda suka yi a kulle. Da ƙishirwa ta yi tsanani, wani tsohon ɗalibin Buraima, Tahidu, wanda wannan ne ɗaurinsa na huɗu, ya roƙi Saje aron cokali. Ya buɗe ƙofa da shi, ya je rijiya ya ɗebo ruwa, kowa ya sha. Saje ya ƙara masa wata ɗaya saboda fita ba izini.