Zagin da Kaka Take Yi wa Mai Kitso

Abin da ya fara ɗaukar idona a jikinta tsinken kitso ne, a soke a gefen ɗankwalinta, yana walƙiya a ranar hantsi. Bafillatana ce daga Bungudu, duk Alhamis takan shigo Gusau ta bi gidaje tana kitso. Tun kafin ta yi sallama ƙamshin man shanu yake riga ta shigowa.

Kakata Babarbariya ce, kuma ba ta taɓa yi wa matar nan maraba ba. Da ta hango ta sai ta ce, "Ga baiwata ta iso. Mi kika sato yau?"

Ita kuma ta ce, "Tashi ki kawo wa uwargijiyarki ruwa, tsohuwa."

A lokacin ina shekara goma sha uku, kaina cike da littattafan soyayya da nake aro a kasuwa. A cikinsu yarinyar kirki ita ce mai sanyin murya, mai tausayin na ƙasa da ita, irin wadda saurayi kan hango tana taimakon wani ya kamu da sonta. Ita nake so in zama. Don haka kalmar baiwa takan sa in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na san akwai wasa tsakanin Fulani da Barebari, amma a ganina wasa da wanda ya zo neman abinci a gidanka zalunci ne.

Wata Alhamis da damina Kaka ta tafi bikin suna a Tsafe. Ina zaune tsakanin ƙafafun matar, tana yi mini shuku, sai na tattaro muryata mafi taushi na ce, "Inna, ki yi haƙuri da Kaka. Mutanen da ne, ba su san darajar masu aiki ba."

Yatsunta suka tsaya cikin gashina.

"Ashe mai aiki nike a gidan ga," in ji ta.

Ta ƙarasa kitson ta tafi. Ta ɗauka abin da nake ji ana faɗa a bayan idonta ne na maimaita.

Mako na zagayowa ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, "Ina kwana, Hajiya." Kaka ta jefa mata baiwa, ta jefa mata ɓarauniya, ita dai sai, "Allah ya huci zuciyarki, Hajiya." Na ga Kaka ta riƙe kwanon furar da ta dama mata, ta rasa inda za ta ajiye. Kafin a fara girbi, matar ta daina biyowa ta layinmu.

Mu yaran yanzu mun iya "don Allah" da "na gode", muna faɗa wa mai shago da direba, amma ba mu san sunan garinsu ba. Kaka ba ta iya ba, sai dai ta san 'ya'yan matar nan ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya rasu a goye.

Bayan rasuwar Kaka da shekaru na je Karakkai, inda aka ce mai kitson tana zaune wurin ɗanta. Idanunta sun tafi, jikoki suna ta hidima da ita. Na tambaye ta jiki.

Ta ce, "Lafiya lau. Kowa sannu Inna, sannu Inna. Ba ni da mai zagina, ɗiyata."