Ƙofar silbar da mahaifina bai taɓa saya ba

Shekarun baya, lokacin da na fara koyon zana kaya a kwamfuta su fito tamkar hoton kyamara, na dawo gida Batsari da wata tsohuwar laftof mai zafi kamar kaskon tuya. Wani mai sayar da ƙofofi a Katsina ya ce in na iya zana masa ƙofar silba, wato ƙarfen nan da ba ya tsatsa, zai riƙa ba ni aikin talla. Ba mai ƙyalli kamar madubi yake so ba. Irin wadda aka goge fuskarta yake so, mai ƙananan layuka siri-siri da duk suka bi gefe guda.

Na ɗauka abin wasa ne. Ta farko ta fito kamar robar bokiti mai launin toka. Ta biyu kuwa ƙyallinta har ya yi yawa. Da abin ya ishe ni sai na ɗauko tiren silbar mahaifiyata, na sa soson waya na dirje bayansa gefe guda, na fito rana ina juya shi ina leƙe. A haka ta same ni.

"Kai, tiren nawa na biki?" in ji ta. "Wanga karatu naka dai sai addu'a."

Na sha faɗa, amma a bayan tiren nan na gane sirrin. Hasken ba ya taruwa wuri ɗaya, miƙewa yake yi ya gitta layukan. Na koma kwamfuta na yi ɗigo-ɗigo kamar yashi, na ja su gefe guda har suka zama ziri, na rage santsin, na ƙara 'yan ƙarce-ƙarce da sawun yatsu kusa da mariƙi. Abu ɗaya ya rage. Silba ba ta da launin kanta, abin da ke kewaye da ita take nunawa. Sai na fita na ɗauki hoton ƙofar gidanmu, da katangar ƙasar, da darbejiyar da ke gabanta, na cire tsohuwar ƙofarmu ta langa-langa a hoton na kafa sabuwar a gurbinta. Inuwar darbejiyar ta bayyana a jikin ƙarfen dishi-dishi. Wallahi ni kaina sai da na daɗe ina kallo.

Don murna na tura wa wani ɗan baffana, wanda ya girme ni, na rubuta masa ƙarara cewa zane ne na yi a kwamfuta. Ya karanta. Ya amsa da "Madalla." Sannan ya ɗora hoton a sitatus ɗinsa na Wasaf, ya rubuta a ƙasa wai Alhamdulillahi, baffansa ya fara gyaran gida, Allah ya ƙara buɗi.

Wanda bai zauna yankinmu a shekarun nan ba zai ce mene ne a ciki. A wurinmu in mutum ya sayar da sa, sai ya ci gaba da sa tsohuwar rigarsa. Wanda ya yi sabon mashin yakan shafa masa laka kafin ya shiga kasuwa. Kowa ya san akwai masu kai wa mutanen daji, wato 'yan bindiga, labarin wanda ya samu, kuma ɗan baffan nan nawa ya fi ni sani, don har kuɗin fansar surukinsa an taɓa tarawa a gabansa. Mahaifina kuwa manomi ne, gero da gyaɗa kawai, kuma gonarsa tana can hanyar Karare inda sai ka yi nisa ba ka ga kowa ba.

Kafin a jima gaisuwar Allah sanya alheri ta fara zuwa. Wata gwaggonmu ta bugo daga Runka tana ƙorafin an yi arziki ba a gaya mata ba. Maƙwabta da ke ganin langa-langar kullum ma ba su hutar da mu ba, suka ce ai wani gidan ne aka gina a ɓoye. Sannan wata rana bayan la'asar wani ɗan acaɓa da ya saba kai Baba gona ya zo ya durƙusa, ya gaishe shi ya sake gaishe shi, kafin ya ce, "Baba, an tare ni a hanya an tambaye ni mai ƙofar silba. Ni dai na ce ban sani ba. Kada ku tahi gona kwanan nan."

Ruwan shuka ya riga ya sauka a lokacin.

Na tafi wajen ɗan baffan nawa. Na ce, "Yaya, ba na gaya maka zane ne ba?" Ya kalle ni yana ɓare gyaɗa ya ce, "To mi na yi? Ai martabar gida na ɗaga. Kai ka sa ta yi kama da gaske." Ku ji fa! Wai laifina shi ne na iya aikina. Ya goge hoton, amma ya riga ya zaga wayoyin da ba mu san adadinsu ba. Har cikin dangi aka samu masu cewa ni na jawo, da wannan kwamfutar tawa ta marasa aikin yi. Babu wanda ya ce wa mai ƙaryar ko uffan, saboda shi babba ne.

Baba ne ya samo mafita. Ranar kasuwa ya ce in ɗauko laftof ɗin, ya kai ni rumfar mai shayi inda 'yan acaɓa da direbobin ƙauyuka ke taruwa. Ya ce, "Nuna masu." Na buɗe ƙofar a gabansu, na juya ta suka ga bayanta fayau, na cire layukan ta koma toka kamar kwali. Sannan na ɗauki hoton rumfar mai shayin na kafa masa ita a jikin buhunan da ya yi katanga da su. Wurin ya kaure da dariya. Mai shayin ya ɗaga hannu yana cewa, "Don Allah cire min, ina da iyali!" Ni ban yi dariya ba. Aikin da ya fi kowane kyau a hannuna, shi nake tsaye ina rantsuwa a kasuwa cewa ba gaskiya ba ne.

Labarin ya bi mashinan 'yan acaɓa har Safana da Babban Duhu, kuma a hankali ƙurar ta lafa. Amma kafin Baba ya samu natsuwar komawa gona, lokacin gero ya wuce. Wake ya shuka a shekarar, kuma hatsin da muka ci na saye ne. Ɗan baffana bai taɓa cewa a yi haƙuri ba. Har yau muna dai gaisawa a wurin biki da jana'iza.

Aikin tallan na samu, kuma da shi nake ci yanzu. Na zana firiji, na zana tukwane da famfunan kicin, duk da layukan nan da na koya a bayan tiren Inna. Sai dai abin da ke bayyana a jikin ƙarfena kullum ɗakin da babu shi a duniya ne, ban ƙara sa katangar kowa ba.

Bara da na ɗan samu, na ce wa Baba zan sa masa ƙofar ta gaske, ko ba ta silba ba. Ya waiwaya ya dubi langa-langar nan da ta karkace, wadda sai an ɗaga ta take rufuwa. Ya ce, "Bar min abata. Ita ke sa ina barci."