Kunnen da Zdravko Ya Ba Inji

Matso kusa, ja kujerar nan ka zauna. Ba sai na ɗaga murya ba, tunda kunnuwanka biyu ƙalau suke. Mutumin da zan ba ka labarinsa ma da biyun ya fara.

Zdravko Kolev ne sunansa, mu a unguwar Asparuhovo Bai Zdravko muke ce masa don girmamawa. Bakaniken sojan ruwa ne a wani tsohon jirgin share nakiya da ke tashar Varna. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ko ranar aurensa baƙin mai bai bar farcensa ba. Mutanen saman jirgi su ke kallon teku, su ake tafa wa ranar fareti. Shi kuwa a ƙasa ya yi rayuwarsa, inda ba taga, zafi kamar bakin tanda, ƙara kuma ta sa ba a magana sai da hannu.

To, ɗakin inji yana da al'adarsa. Hukuma tana raba marufin kunne, kowa yana sawa, amma tsofaffin hannu sukan karkace shi su bar kunne ɗaya a waje. Wai wannan na inji ne. Da shi ake jin fistan ɗin da ya fara tari tun kafin allurar ma'auni ta motsa. In abin ya shige duhu, sai a kafa bakin doguwar sukudireba a jikin ƙarfe, a manna ƙotarta a kunne. Haka Zdravko ya tarar, haka ya yi. Hagu ya ba inji, inji kuwa ya karɓa bai mayar ba.

Matarsa Nevena ce ta fara ganewa.

"Zdravko, miya tana hucewa!" Shiru. Sai ta zagayo dama. "Kai kurma, da kai nake!"

"To mene ne na ihu? Nan ba ɗakin inji ba ne."

"Ji mai maganar ihu! Kai da in ka ce ina kwana sai maƙwabta sun amsa."

Sukan yi dariya. Likitan soja dai bai yi ba. Ya ce, "Bai Zdravko, na hagu ya tafi, sai haƙuri. Na dama ya kama hanya. Ka rufe shi ruf, ko na sauke ka daga jirgi."

Ranar Waliyyi Nikola, wadda babu gidan ma'aikacin jirgin ruwa da ba a gasa kifi, Nevena ta fito da nata cushe da shinkafa, ta ajiye, ta ƙi yankawa. 'Yarsu Bilyana tana gefe da cikin fari. Nevena ta kunna kyandir, ta tsaya ta hannun dama.

"Ka ba jirgi kunne ɗaya, na yafe. Wanda ya rage nawa ne, ni da wannan da ke tafe. Yi mini alkawari a gaban kyandir."

Ya kalli kifin, sannan ya yi alkawarin.

Kuma ya riƙe. Duk hunturun nan kunnuwansa a rufe suke, yana aiki da ido da tafin hannu, kamar wanda aka ɗaure wa ƙafa ɗaya. Abokin aikinsa Rumen, wani ƙato da suka tsufa tare a ƙasan jirgin, bai bar shi ya huta ba.

"Ranka ya daɗe, Kwamanda Nevena ta ba da izinin shan ruwa yau?"

"Kai dai ji da tumbinka, kada ya maƙale a tsani mu rasa hanyar fita."

Da bazara ta shigo, nakiyoyi suka riƙa tsinkewa daga nesa, igiyar ruwa tana kawo su hanyar masunta. Aka tura jirginsu. Wata hantsi, iska na kaɗawa, aka hango ɗaya tana lilo, ruwa na turo ta. Kyaftin ya nemi a ja da baya. A daidai lokacin inji ya fara sarƙewa, ƙarfinsa na zubewa. In ya mutu, jirgi ya zama kututture, nakiya ce za ta zo ta same shi da mutanen da ke ciki.

Rumen ya ruga wajen allurai, ya ɗaga hannu: dakata, ina dubawa. Zdravko ya dafa ƙarfe, tafinsa ya gaya masa akwai ciwo, bai gaya masa inda yake ba. Daga baya ya ce a lokacin ya tuna kyandir, wallahi ya tuna. Hannunsa ne bai tuna ba. Ya ture marufin dama, ya zaro sukudireba, ya bi kawunan fistan na injin, kai bayan kai. A na kusa da ƙarshe ya ji abin. Ya nuna wa Rumen da yatsa. Yana nan sunkuye, bawul ɗin wurin ya fashe dab da kumatunsa.

Rumen ya toshe man wannan kai, inji ya miƙe da sauran, jirgi ya ja baya. Can masu nutso suka tarwatsa nakiyar. Kowa ya ji ƙarar. Zdravko a tafin ƙafa ya ji ta.

Nevena ta same shi a asibiti, kai a naɗe. Ta buɗe baki, faɗan da ta taho da shi tun daga gida yana kan harshe, sai ta ga yadda ya ƙura wa leɓɓanta ido. Ta rufe bakin. Ta zauna ta hannun dama, don sabo.

Har yau tsofaffin ɗakin inji ba su daidaita ba. Rumen, da hawaye, yakan ce allura ta riga ta fara nuna wurin, saura ƙiris ya gano. Wasu su ce ƙiris ɗin ne babu a ranar.

An sallame shi da lambar yabo, tana cikin kwabar kwanuka. Da aka haifi jikansa Kalin, aka miƙa masa shi yana tsala kuka. Zdravko ya ga baki a buɗe, fuska ta yi jawur, amma bai ji komai ba. Sai ya ɗora tafinsa a ƙirjin jaririn, ya lumshe ido, ya daɗe.

"Lafiyayye ne," ya faɗa da muryar da ta cika ɗakin haihuwa. "Ba inda yake tari."

Nevena ta kama hannun, ta ɗora a maƙogwaronta, ta faɗi wata magana. Ba wanda ya san me ta ce. Haka suke hira har yanzu, za ka gan su a bencin bakin tasha in jirage za su fita.

Bakaniken da ya gaje shi kuwa, jiya na gan shi yana sauka tsani, marufinsa a karkace. Kai da ka ji labarin nan da kunnuwa biyu, in kai ne a bakin tsanin, me za ka ce masa?