Mikail ya daina tsokana

Shekara goma sha ɗaya Babagana yana kwasar yaran layinmu a Dala yana kai su makaranta a adaidaita sahunsa, har da nawa biyu, Ikram da Aliyu. Kakansa ne ya zo karatu daga Barno ya zauna. Shi ko hanyar Barno bai sani ba, amma wannan bai hana Mikail tela, Bafulatanin bakin layi, tare shi kullum da safe ba.

"Bawana, ba ka iya gaida ubangidanka ba?"

"Kai, wa ya sako wannan daga daji?" in ji Babagana. "Ina ka baro shanun?"

Wasan Fulani da Barebari ne, mun tashi mun tarar da shi. Ranar da ba su yi ba, sai mu tambaya ko wani ba shi da lafiya.

Wata malamar makaranta ce ta ɗauki bidiyon Babagana da yara takwas, yana tuƙi yana ja musu karatu suna amsawa, ta sa a intanet. Mikail sarkin surutu ya shiga ƙasan bidiyon ya rubuta: "Ku kama Babarbaren nan, ɓarawon yara ne. Jiya ma ya sace mana biyu." 'Yan unguwa muka yi ta dariya. Ni Lami har da ni, Allah ya yafe mini.

Kwana biyu bidiyon ya bar unguwa, ya shiga hannun mutanen da ba su san Mikail ba balle wasansa. Na buɗe waya, na ga abin da ake rubutawa. Wani ya kwafo lambar adaidaitan. Wani ya ce ya san hanyar da yake bi. Wata ta rubuta tana kuka, ɗanta ya ɓata wata uku ke nan, don Allah a tambayi mutumin nan. Mikail ya goge maganarsa, ya rantse wasa yake. Ina! An riga an ɗauki hotonta, yanzu ma cewa ake an ba shi cin hanci ya janye.

Na ce wa Babagana ya ajiye adaidaitan nan. Ya ce, "Hajiya Lami, to wa zai ɗauko yaran?" Taurin kai! Ranar Laraba na saka hijabi na bi shi.

Mun ɗauko su, muna dawowa cunkoso ya tsayar da mu a Jakara. Wani saurayi ya dubi lambar, ya dubi wayarsa, ya ƙwala ihu: "Shi ne!" Kafin in buɗe baki an zagaye mu. An fizgo Babagana ƙasa, hularsa ta faɗa kwata. Na ga wani da guntun bulo a hannu. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ina ta ihu 'ya'yana ne, babu mai jina.

Ikram ce ta diro ta ƙanƙame wuyansa tana kuka, "Baba Gana ne! Ku bar shi!" Sauran yaran suka bi ta suka rufe shi. Mai bulon ya rasa inda zai jefa. A haka wasu dattawan kasuwa suka shigo tsakani.

Haƙoran Babagana biyu suka tafi. Ya sayar da adaidaitan, yanzu goro yake sayarwa a ƙofar gida, kuma ko yaro ya zo saye ba ya yarda hannunsu ya haɗu.

Jiya da safe ina tsaye wajensa Mikail ya zo wucewa. Ya rage tsawo, ya ce, "Malam Babagana, ina kwana?"

Babagana ya daɗe yana kallonsa, yana jira. Mikail bai ƙara komai ba.

"Lafiya lau, Malam Mikail," ya ce, ya ja tsumma ya rufe goronsa.